Tabon Faranti Uku

Ranar da Talatu ta fara ganin Sodiq, kallon sama da ƙasa ta yi masa ta taɓe baki. Yana hakimce a gidan abincin mahaifiyarsa da ke Rayfield, unguwar masu kuɗi, an sa shi ya yi kamar kwastoma mai wulaƙanci don a gwada masu neman aiki.

Ita da ta yi shekara takwas tana kai wa direbobin tashar Terminus abinci, wannan ɗan gatan ne zai tsorata ta?

"Ke! Miyar nan ta huce. Canza min, don Allah," ya ce yana ƙoƙarin ɗaure fuska.

"Oga, tururi take yi. Kuma in wulaƙanci za ka yi, ka daina haɗawa da don Allah."

Dariya ta ƙwace masa. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Mahaifiyarsa, Alhaja Ajoke, ta matso, awarwaron zinare cike da hannunta na hagu. Ta sa Talatu ta jera faranti uku masu zafi a hannu ɗaya ta zaga tebura. Ko ɗigon miya bai zuba ba.

"Kin iya, na ɗauke ki," in ji Alhaja, tana yatsina fuska. "Amma wannan ƙazamin tabon na wuyan hannunki fa?"

"Ƙunar faranti ce, Alhaja."

"Nan ba tasha ba ce. Riga mai dogon hannu, kullum. Manyan mutane ba sa cin abinci suna kallon wahala."

Washegari Talatu ta sa riga mai dogon hannu.

Sodiq kuwa ya maƙale mata. Kullum yana bakin kicin, wai ya zo duba iskar gas. Wata uku tana yi masa kallon malalacin ɗan masu kuɗi, har ranar da saƙonsa ya shigo wayarta:

"Gimbiyar harara, yau na wanke faranti sittin don ki daina raina ni, na fasa biyu. In kin amince, zan turo manya unguwarku Daɗin Kowa wajen babanki."

Ta karanta sau huɗu, sannan ta amsa: "Uku ka fasa, ɗan gata. Turo su."

Da labari ya kai wa Alhaja, sai gidan ya ɗau zafi. Ga Bisola, 'yar ƙawarta mai digiri biyu, shi ne zai kwaso mata mai ɗaukar faranti? Ta rantse Asabar ce ranar Talatu ta ƙarshe a wurin.

A Asabar ɗin aka yi liyafar da ta fi ƙarfin ma'aikata. Abinci na hucewa, baƙi na ƙorafi. Ba tare da tunani ba Alhaja ta sunkuci faranti uku, ta jera su a hannun hagu, ta ratsa tebura kamar ruwa. Awarwaron ya zame sama. Talatu ta ga tabon da ke ƙarƙashinsa.

Bayan la'asar Alhaja ta kira ta ofis. "Tattara kayanki. Ɗana ya fi ƙarfin 'yar tasha."

Talatu ta naɗe hannun rigarta a hankali, ta ɗora hannun a kan tebur.

"Zan tafi, Alhaja. Amma naki tabon, a wace rumfa kika samo shi?"

 Ashe Sodiq na tsaye a ƙofa. "Momi?"

Alhaja ta daɗe tana kallon hannayen biyu. "Layin masu abinci na kasuwar Terminus," ta ce da ƙyar, idonta ya ciko. "Kafin kasuwa ta ƙone. Shekara tara na yi a can." Ta share ido, ta harari Talatu. "Yarinya marar kunya. Wuce ki kwashe tebur na shida."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure a Daɗin Kowa. Wajen walima Alhaja ta tuɓe awarwaronta gaban ƙawayenta na Rayfield, ta zura wa amarya a hannun dama, ta bar na hagun mai tabon a buɗe.

"Allah Ya yi muku albarka, 'yata."

Sodiq ya raɗa mata, "Gimbiya, yau ma harara?"

"Riƙe farantinka da kyau, angona," ta ce, murmushi na cin ƙarfinta. "Miya na zuba."