Kakan Jabir Ɗan Gao Ne

"Ka ce wa jami'an gwamnati kakanka Bakatsine ne! Wa zai je ya tono kabarinsa ya tambaye shi?"

Jabir ya tsayar da keken ɗinki ya ɗago ya dube ni. A shagonsa muke, a bakin kasuwar Taminus.

"Lubna, kakana ɗan Gao ne, can ƙasar Mali. Da ƙafa ya zo Jos haƙar kuza yana ɗan shekara sha tara. Haka na rubuta a takardar neman zama ɗan ƙasa, haka zan faɗa."

"In suka hana ka fa?"

"Sai su hana jikan Ishaku Maiga, ba jikan wani Bakatsine da ban sani ba."

"Ni fa? Ba ka tunanina?"

"Ke nake tunani, sanyin idona. Ba zan aure ki da sunan aro ba."

Wannan mutum da taurin kai yake! A Tudun Wada, nan Jos, aka haife shi, a nan aka haifi babansa, ya fi ni iya cin gwate, faten mutanen Jos, amma tunda uwa da uba duk tsatson Mali ne, doka ta ce baƙo ne. Babana kuwa, Malam Ahmadu mai unguwa, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda za a iya sakawa a mota wata rana a ajiye a bakin iyaka ba. Shekara biyu muna jiran takarda ɗaya. Tsoro ya hana ni cin abincin kirki.

Ranar Laraba da hantsi jami'ai suka zo unguwa bincike, don ba a ba mutum takardar zama ɗan ƙasa sai an ji ko mutanen da yake zaune da su sun yarda da shi. Mazan suka zauna a zaure da Baba, aka aika kiran Jabir. Macen cikinsu, Madam Chinyelu, ta shigo cikin gida ta same ni ina tsintar shinkafa.

"Sista, kin san wannan Jabir, tela?"

"Na san shi."

"Daga ina kakan nashi ya zo?"

Ni a haukata, kalmar Mali ita ce za ta kashe mu.

"Daga... Katsina."

Biro ya tsaya a hannunta.

"Katsina? Amma shi Mali ya rubuta. In mutum ya yi ƙarya a fom, fayil nashi ya mutu ke nan fa. Bari in gaya wa oga."

Ta juya ta fita.

Innalillahi! Farantin ya suɓuce, shinkafa ta watse a tsakar gida. Da bakina na rushe abin da ya yi shekara biyu yana ginawa. Na miƙe na bi bayanta. Tun da na girma ban taɓa shiga zauren Baba maza na zaune ba. Ranar na faɗa ciki ko takalmi babu.

Jabir na durƙushe a gefen tabarma. Madam ta riga ta faɗa, don na ga yadda ogan yake juya takardu fuskarsa a ɗaure.

"Lubna! Me ya fito da ke?" in ji Baba.

"Ƙarya na yi, Baba... ƙarya na yi! Kakansa ɗan Gao ne. Wallahi bai taɓa ɓoyewa ba!"

Ogan ya cire tabarau. "To me ya sa kika ce Katsina? Shi ya sa ki?"

"A'a! Ni na roƙe shi ya faɗi haka, ya ƙi. Har faɗa muka yi."

"Mene ne naki a ciki?"

Na dubi Baba. Maganar da 'ya ba ta faɗa a gaban mahaifinta, ita ce kaɗai ta rage min.

"Ina son sa," na ce. "Tsoro nake ji kar a tafi da shi."

Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Jabir ma bai ɗago ba.

Ogan ya juya ga Baba. "Mai unguwa, maganarka za mu rubuta. Mutumin nan naku ne?"

Baba ya gyara zama. Na san ra'ayinsa, na san rantsuwarsa.

"Na san Ishaku Maiga," ya ce a hankali. "Har ya rasu Hausarsa ba ta miƙe ba, muna yara muna kwaikwayonsa muna dariya. Amma ranar da ramin kuza ya rufta da mutum shida, shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Na huɗun da ya fito da shi ubana ne. Rubuta Gao, yallaɓai, ka rubuta da manyan baƙaƙe. Yaron nan namu ne."

Ya karɓi biro ya sa hannu.

Ogan ya tattara takardunsa. "Za mu rubuta duk abin da muka ji, har da na yarinyar. Hukunci kuma daga Abuja yake, ban yi muku alkawari ba."

Bayan sun fita na fashe da kuka. "Yaya Jabir, ka yafe min... in suka hana ka, ni na jawo."

"Tashi ki shiga gida," in ji Baba. Na miƙe. Ina bakin ƙofa na ji ya kira sunan Jabir.

"Na'am, Baba."

"'Yata ta roƙe ka ka sayar da kakanka don ka same ta, ka ƙi?"

"Haka ne, Baba."

"To zan yi kaffarar rantsuwata. Takarda ta gwamnati ce, ta zo ko kar ta zo. Lubna kuwa tawa ce. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."