Sandar Gora Ta Ƙarshe A Shagon Strachan

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar wata Talata, cikin Mayun 1964, mai raba wasiƙu ya faɗo ofishin 'yan sandan Kinlorrie babu hula a kansa. Ya ce ga Hector Strachan can kife a cikin kogi, ƙasa da gada.

Insfekta Lachlan Rennie ya ajiye kofin shayinsa.

Babu wanda bai san Strachan ba a wannan yanki na Scotland. Tun zamanin kakansa shagonsu ke yin sandunan kamun kifi, siraran nan da ake wurga ƙugiya mai gashin tsuntsu da su, kifi ya ɗauka ƙwaro ne ya faɗo ruwa. Manyan mutane daga London kan jira shekara biyu kafin su sami ɗaya. Mutanen gari sun fi haka daɗewa suna jiran murmushinsa, ba su samu ba.

Ruwan da aka tsamo shi bai kai gwiwa ba. Yana sanye da dogayen takalmansa na roba, ragar kwasar kifi na rataye a bayansa, akwatin ƙugiyoyi na aljihu. Likita ya duba ƙeyarsa, ya ce an buge shi da wani abu gajere mai nauyi, amma ba bugun ne ya kashe shi ba. Suma ya yi, ruwa ya ƙarasa shi. Da an sami wanda ya juya shi, da ciwon kai kawai zai tashi da shi.

Insfekta ya dubi gaɓar nan, ya dubi waccan.

"Ina sandar?"

Saje Tulloch ya ce ruwa ya tafi da ita. Aka tura mutum biyu suka bi kogin har madatsar injin niƙa. Ba su ga komai ba.

Saje kuwa ya riga ya sami mai laifinsa. Callum Baird ne, mijin 'yar mamacin. Ranar Asabar duk kasuwa ta ji su suna sa-in-sa, Callum na cewa zamanin gora ya wuce, a koma yin sabbin sandunan zaren gilashi da inji ke fitarwa ɗari a rana. Kuma mai raba wasiƙu ya ga motarsa kusa da gada ƙarfe shida da rabi. Da aka tambaye shi, Callum ya rantse yana kan gado a lokacin. Kafin azahar yana bayan kanta, ana shirin kai shi gaban alƙali washegari da tuhumar kisa.

Insfekta ya tarar da Morag, matar Callum, a kicin ɗin mahaifinta. Maƙwabta sun cika teburin da kwanukan abinci, kamar yadda suka saba yi wa wanda ba zai iya haɗiye komai ba.

Ta ce babanta ya fita ƙarfe shida, riƙe da sabuwar sandar da Kawu Dougal, ma'aikacin shagonsu, ya gama ranar Litinin, cikin jakarta ta koren ƙyalle. Da idonta ta gani.

"Yallaɓai, da safe an ɗauke min uba, da rana kun ɗauke min miji. Callum ko kifin da ya kama ba ya iya kashewa, ni yake miƙo wa."

A bayan kanta, Callum ya janye rantsuwarsa. Ya ce tsoro ne ya sa shi ƙarya. Ya je kogin, ya kai wa surukinsa sandar gilashi ya gwada, domin tun ranar Lahadi tsohon ya amince a sauya, sai dai ya ce kada kowa ya ji tukuna. Ya bar shi a tsaye cikin ruwa, lafiyarsa ƙalau, da sandar gora a hannu.

"Strachan ya yarda da gilashi?" in ji Saje. "Gobe kuma ka ce mana fasto ya buɗe gidan giya."

Insfekta bai yi dariya ba. Ya fita ya buɗe bayan motar Callum. Sanduna huɗu ne a zube kan tayar safaya, zarurrukansu a cukuikuye, taɓo ya bushe a jikinsu, ɗaya har ta lanƙwashe. Sabuwar sandar gorar ba ta ciki. Ya daɗe yana kallon wannan ƙazanta kafin ya rufe.

Shagon na bayan coci. Dougal Imrie na zaune a bencinsa, gajeren tsoho mai tsabtar farce, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya a wurin. Sunan Strachan ake rubutawa a jikin kowace sanda, amma hannun Dougal ne ke yin ta. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, haka ake zaman lafiya a Kinlorrie.

Ya ce tun ƙarfe shida yana shago, bai leƙa ko'ina ba. Insfekta ya tambaye shi yadda ake aikin, sai bakin tsohon ya buɗe. Ya ce kakan maigida da katako mai nauyi na Kudancin Amurka ya fara, wanda ke gajiyar da kafaɗa kafin hantsi. Daga baya aka gano gorar kudancin Sin. Sai ta shekara goma a kan rufi tana bushewa, sannan a tsaga ta, a gasa, a miƙar da gaɓoɓin, a fere sili shida kowane mai kusurwa uku, yana sirancewa har ya kai kaurin tsinken ashana. A haɗa su da gam su zama jiki ɗaya, a ɗaure da siliki, a shafa mai sau bakwai.

"Wadda ka gama jiya fa?"

"Ga ta can. Ba ta fita daga ɗakin nan ba."

Tana rataye a bango, an raba ta gida uku, kowane yanki a miƙe sambal, koriyar jakar na shanye a gefe. Insfekta ya kama mariƙin, wanda aka yi da ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi. Ya ji sanyi da danshi a tafinsa. Kusa da taga an warware zaren silikin da ake ɗaura wa ƙugiya a kan katakon shanya, ƙasansa da ɗigon ruwa.

"Baba Dougal, sandar da ba ta fita ba, a ina ta jiƙe?"

Tsohon ya ce wanke ta ya yi.

"Morag ta ga ubanta ya fita da ita. Wani ne ya dawo da ita. Na ga yadda Callum ke ajiye sanda, ko jakin dako an fi tausaya masa. Wanda ya dawo da wannan ya goge kowane yanki, ya tsane mahaɗan ƙarfen, ya shanya zaren don kada ya ruɓe."

Dougal ya ci gaba da kallon bencinsa.

Insfekta ya juya ga Saje, ya ce ya tattara sandar ya ɗaure da igiya, a jingine ta a ɗakin ajiyar shaidu na ƙarƙashin ofis har a gama shari'ar Callum, ko da za ta kai hunturu.

Saje ya miƙa hannu. Tsohon ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi.

"Ɗakin nan ruwa yake tsattsafowa. Kuma ba a jingine gora, lanƙwashewa take yi. Mako ɗaya ya isa ya kashe ta."

"Ba za ka iya barin ta cikin ruwa ba," in ji Insfekta.

"Ko minti ɗaya."

"Maigidanka fa?"

Dougal ya ɗaga kujerar, ya zauna, ya ɗora hannayensa a gwiwa. Da ya fara magana, muryarsa ba ta rawa.

Ya ce al'adarsa ce ya bi kowace sabuwar sanda kogi ya ga wurgin farko. Yana isowa Callum na tafiya. Maigida ya wurga sau uku, zaren ya sauka kan ruwa ba ƙara, shi Dougal bai taɓa yin sandar da ta kai ta ba. Sai maigida ya ce masa ita ce ta ƙarshe. Gorar da ke kan rufi ya bai wa mai lambu ya kafa wa wake, shi kuma Dougal daga wata mai zuwa mariƙi zai riƙa liƙa wa bututun gilashi.

"Duk wannan na haɗiye, Yallaɓai. Sai ya jefar da ita kan tsakuwa, rabinta a ruwa, ya juya ya ɗauki ta gilashin."

Ya buɗe aljihun benci ya fito da 'yar gudumar da ake ƙarasa kifi da ita. Ita ma an goge ta tas. Sandar gilashin kuwa ya ce ya cusa ta cikin ƙaya a bakin gada.

"Likita ya ce da ransa ya faɗi," in ji Insfekta. "Ka sani?"

"Na ji yana motsi a bayana."

"Ba ka waiwaya ba?"

"Yashi ya shiga mahaɗin. Idan aka bar shi, cinye ƙarfen yake yi."

Saje Tulloch, wanda ya yi shekara ashirin yana kwasar gawa a hanya, ya fita waje. Insfekta da kansa ya sa wa Dougal ankwa. Ya tambayi tsohon ko zai bar Callum ya ƙare rayuwarsa a kurkuku. Dougal ya ce bai yi tunanin Callum ba sam.

Suna fitowa suka ga Morag a bakin ƙofa, ta kawo wa tsohon abincin rana a kwano, kamar yadda take yi tun tana 'yar makaranta. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskarsa.

"Kawu?"

Insfekta ya gaya mata mijinta zai kwana a gida yau. Ba ta ko juyo ba, tsohon take jira ya ce wani abu.

Dougal ya tsaya a gabanta, ya yi gyaran murya.

"Zaren nan bai bushe ba, 'yata. Kada kowa ya naɗe shi sai gobe."

Aka sa shi a mota.