Tabarau a Durowar Malama

A bakin ƙofata suka fara ganin juna, duk wanda ya ce muku a wani wuri ne ƙarya yake yi. Ni ne maigadin sakandaren garin nan tun ba a yi mata katanga ba. Babbar mota ta bi ta kan ƙafar nan tawa, na tashi. Ambaliya ta tafi da ɗakina, ta bar ni tsaye. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk shugaban da na buɗe wa ƙofa ya shigo, ni na buɗe masa ya fita.

Ranar, Tela ya kawo ɗinkin yunifom a bayan babur. Malama ce ta tsayar da shi, mai kula da ɗakin shawara, inda ɗalibi ke kai kukan da ba ya kaiwa gida. Ta tambaye shi ko zubar da ragowar ƙyallensa yake yi, don wandunan yaranta duk sun fashe a gwiwa. Ya kalle ta, ya manta bai kafe babur ba. Da gurguwar ƙafar na tare babur ɗin.

Daga nan bencina ya zama nasa. Nan yake karanta mini saƙonninsu.

"Fitilata, na tara miki ƙyalle buhu guda. Ni kuma wa zai duba ni?"

"Telana, ɗakin na ɗalibai ne. Amma ka zo, zan ga ko da sauran kujera."

Uban Tela, Mai Yadi, ya amince da maganar aure. Sai dai mutum ne mai taƙama da ido. Kullum cewa yake a zuriyarsu ba a ciwon ido, daga tsallaken titi yake gane yadin jabu. Ranar da ya kawo Autarsa makaranta, a gabana ya rantse cewa duk ranar da boko ya taɓa mata ido, ranar za ta koma gida.

To, Auta ba ta ganin allo. Malama ta lura daga littafin maƙwabciyarta take kwafa, ta kai ta shagon Mai Tabarau aka yi mata tabarau. A durowar Malama yake kwana: da safe ta ɗauka, a tashi ta mayar. Yarinyar tana kuka ta roƙi kada kowa ya ji, ko yayanta Tela, sai ta gama jarrabawar fita. Malama ta yi alkawari.

Mai Tabarau kuwa ranar kasuwa kawai yake buɗe shago. Yau ƙafar tabarau ta karye, gobe gilashin na son canji, Malama ce mai zuwa, a idon duk garin. Shi kuma tuzurun banza, wanda ta taɓa kora da ya zo neman aurenta, da aka tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce sirri ne tsakaninsu. Ku ji ɗan iska! Kafin a kwashe rumfuna, masu tumatir sun riga sun ɗaura musu aure. Mutanen da take yi wa 'ya'yansu faci kyauta, su ne a gaba wajen yayata ta.

Mai Yadi ya kira ta ya tambaya. Ta durƙusa ta ce aikin makaranta ne, sirrin ba nata ba ne balle ta faɗa. Ya ce to ta riƙe sirrinta, shi ya riƙe ɗansa.

"Fitilata, ki faɗa mini me kike zuwa yi, ni kaɗai. Wallahi a cikina zai mutu."

"Telana, in na buɗe baki yau, gobe babu yaron da zai ƙwanƙwasa ƙofata. Ka yarda da ni haka nan."

Tela ya karanta mini, ya haɗe rai. Na wanke shi tas, na ce mutumin da ke auna ƙugun rabin garin bai taɓa faɗin na kowa ba, shi ne zai kasa gane riƙon amana? Ya sunkuyar da kai, ya daina zuwa. Malama ta rame, amma ko sau ɗaya ɗakinta bai makara wajen buɗewa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Auta a gabana, tabarau a fuska. Ta ce, Baba Maigadi, buɗe mini. Doka ta hana ɗalibi fita lokacin darasi, amma ƙofar tawa ce. Na buɗe, na bi ta ina ɗingishi har rumfar ubanta. Tela na gefe a kan keken ɗinkinsa.

"Baba, saboda ni Malama take zuwa wurin Mai Tabarau," in ji ta. Sai ta tsaya tana kallonsa. "Baba... ashe ka yi furfura?"

Keken ɗinki ya tsaya. Mai Yadi ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe. A hankali ya tambaye ta tun yaushe ba ta ganin fuskarsa sosai. Ta ce ba ta tuna ba.

Ya zauna a kan dilar yadi. Can ya ce ta koma aji kafin a wuce ta. Ya juya ga ɗansa: "Kai kuma me kake jira? Tashi ka je ka ba 'yar mutane haƙuri. Ni ma ina tafe."

Tela ya riga mu isa makaranta. Na bar shi tsaye a rana bakin ƙofa har aka tashi, don ya ji a jikinsa.

Bayan jarrabawa aka ɗaura aure. Masu tumatir ɗin nan su suka fi kowa cin abinci, ba kunya. Mai Yadi ya zo da tabarau a hanci, daga wani gari ya sayo, ya ce don ƙura ne. Ni dai nawa idon garau yake, da shi na ga amarya tana dariya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa 'ya'yansu su same ni a bakin ƙofar nan.