Takabar Nana

"Jirgin ƙasan Nguru ba zai jira ni ba, Zinariya!" Jibril ya faɗa, yana tsaye a zaure. "An ba ni aikin malamin asibiti. A ɗaura aurenmu Juma'a, mu tafi tare."

"Bappa ko arba'in bai yi ba..."

"Na sani, abar raina."

"To wa zan bar wa Nana? Takaba take yi, ko ƙofar gida ba ta leƙawa!"

Zinariya ta shige gida tana share ido.

Gidan na Ƙofar Mazugal ya yi mata faɗi. Kakanta Bappa Hammadu shi ya rene ta tun rasuwar iyayenta. Lauya ne, tsohon soja kuma. Da ransa zauren nan ba ya rabuwa da masu ƙara. Yanzu sai kaji.

Kakarta na zaune a tabarma, carbi a hannu.

"Na ji ku," in ji Nana. "Muryar yaron nan kamar ta mai shela."

"Ba inda za ni, Nana."

"Ji mara kunya. Zauna."

Ta zauna.

"Ina amarya, lallena bai goge ba, aka tafi da Malam, kakanki, yaƙin Jamus. Ya dawo, ya ajiye bindiga, amma da sojoji sun busa ƙaho sai ya zaro takalminsa. Daga nan kotu ta karɓe shi. Ya tsaya wa bazawara, ya tsaya wa maraya, ni ina nan ina ɗumama masa tuwo."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Na ji mana! Sai ya shigo yana tsokanata, wai a yi masa sassauci, mai laifi ya kawo kansa..." Ta yi dariya, dariyar ta tsinke. "Ni na iya zaman jira, 'yar nan. Ke ba ki iya ba. Kada ki koya a kaina."

"Nana..."

"Maƙwabciyarmu Kande za ta riƙa leƙo ni. Je ki ce masa na yarda."

Ranar Juma'a aka ɗaura. Ba kiɗa, ba guɗa.

Nana ta riƙo hannunta har bakin zaure. Nan ta tsaya cak. Mai takaba ba ta wuce nan.

"Allah ya ba da zaman lafiya. Tafi, kada ki waiwayo."

Zinariya ta waiwayo. Ta ƙasan lulluɓi ba ta ga komai ba sai ƙafafun tsohuwar, ba takalmi, a kan dokin ƙofa.