Ƙanƙarar Da Ta Wanke Shafi'u

"Ɗaga hannun rigarki na gani!" in ji Umma ta cikin waya, muna kiran bidiyo.

Na ɗaga. Shati ne ja, ruɗu-ruɗu har kafaɗa, kamar an zane ni da wayar caja.

"Dukanki yake yi ko, Saudatu?"

"Wallahi Umma ba ya..."

"Rufe min baki! Barira ta turo min hoto."

Barira 'yar ƙanwar Umma ce, tana karatu a unguwar Setapak, nan Kuala Lumpur. Tun a Kano take son Shafi'u, ya tsallake ta ya aure ni, ni da ban gama sakandare ba.

"Sati ɗaya na ba shi," Umma ta ce. "Ya sako ki a jirgi, ko Kawunki ya karɓo miki takarda."

Lokacin watana biyar a Kuala Lumpur, shi yana digiri na uku. Wata huɗu na yi ina susa. Na gaji. Duk wanda ya gani sai ya ce zafin garin ne, Shafi'u kuma ya yarda. Ya ƙure esi. Kullum sai ya sayo min shayi mai ƙanƙara a mamak, shagon cin abincin layinmu. Ruwan wankana ma ƙanƙara yake zuba masa.

Ashe Shafi'u yana bakin ƙofa, ya ji duk abin da Umma ta ce.

"Sako hijabinki, Saudata," ya ce a hankali. "Man shafawa ya ishe mu. Asibiti za mu."

Likitar Ba'indiya ce a unguwar Brickfields. Tana tambaya yana fassara min. Yaushe yake tashi? Na ce a jirgin ƙasa, a manyan kantunan Bukit Bintang, da in na fito wanka.

Ta sa ƙanƙara a leda, ta ɗora min a hannu minti biyar, ta ɗauke.

Muna kallo wurin ya kumbura, daidai girman ƙanƙarar.

"Borin jini ne," Shafi'u ya fassara. "Wai sanyi ke tayar da shi..."

Ta rubuta antihistamin, ƙwaya ɗaya kullum. Ban da ƙanƙara, ban da wankan ruwan sanyi. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, mu taho da gudu.

A mota ya kasa kallona.

"Kenan da hannuna nake ta..."

"Da hannunka mana, babban likita!" na ce. Rabona da dariya har na manta.

Kafin na fara shan ƙwayar muka kira Umma. A gabanta ya ɗora ƙanƙara a ɗaya hannun, muka zauna jira. Shatin ya fito.

Umma ta ƙura wa shatin ido.

"To, Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta kashe wayar. Ba ta ƙara zancen takarda ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba.

Shekara uku muka ƙara tare, jikina lafiya lau. Bara ya kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. A can aka binne shi.

Ranar da na dawo Kano yin takaba, Umma ta jira mutane suka watse, ta riƙe zanina.

"Ya yafe min kuwa?"

"Tun ranar, Umma. Cewa ya yi, uwar da za ta ga shatin nan ta yi shiru, shi ba ya son ta a suruka."