Keken Tela Ya Ɓace Ranar Tashi

Tun kafin Sufeto ya ja kujera matar ta fara magana, hannunta dunƙule da mabuɗi.

"Yallaɓai, an ɗauke mini kan keken ɗinki. Kuma yau ne zan tashi daga gidan."

Tela ce. Su uku ke haya a saman bene: ita, da yayarta malamar makaranta, da wata nas. Yarjejeniya ɗaya suka sa wa hannu, kuma da yammacin nan wa'adinta ke cika. Sharaɗin mai gida shi ne duk wadda ba ta miƙa mabuɗinta ba, an sabunta da ita ke nan. Hayar kuwa ba a rabe take ba. In ɗaya ta gaza, wuyan sauran za a kama.

"Na sami shago mai ɗaki a baya," in ji ta. "Ba keke, me zan je yi can? In na zauna kuma, shekara guda ta hau kaina."

Sufeto mutum ne da zama ke ƙona wa rai. Ya sure hularsa, ya ƙwala wa Saje kira.

Da suka isa, ƙofar gidan lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. A ɗakin telar kwalaye ne jibge, ga teburin keke tsaye da rami a tsakiya. Sufeto ya kewaya shi, ya sake kewayawa, ya shafa bakin ramin. Yatsansa ya fito da maiƙo.

"Jiya na zuba masa mai," in ji telar. "Ba na ɗaga keke daga wuri sai na shayar da shi. Shi ya sa a tsaye ake ɗaukarsa."

Nas ɗin na ɗakinta, idanu jawur.

"Ina kike da safe?"

"Asibiti, ranka ya daɗe. Yanzu na shigo."

"Da ƙunshin gashi da shatin matashi a kumatu?"

Ta shafa fuskarta, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. "To, barci nake. Ni dai kada a sa ni a rigimar 'yan'uwa. Na ji ana jan abu mai nauyi a falo, na ja bargo."

"An buɗe ƙofar waje a lokacin?"

"Wannan ƙofar in an buɗe ta har maƙwabta sai sun sani. Ban ji ba."

Sufeto ya sauka da gudu-gudu. A ƙasan bene akwai mai wanki da guga, teburinsa na kallon matakala.

"Baba, wa ya sauko da kaya yau?"

"Kaya? Ko tsinke. Telar ce ta fita neman mota, ta dawo tana salati."

"Malamar fa, yaushe ta tafi makaranta?"

Tsohon ya aje dutsen guga, ya yi dariya. "Wace makaranta? Rabon da ta kawo mini kayan zuwa aiki guga tun hutun da ya wuce. Da hantsi take fita da jakar littattafai, ta zagaya ta dawo."

Sufeto ya tura Saje makarantar. Shi kuwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya, ya hau, ya sauko, ya leƙa titi, rana kuma sai sunkuyawa take. Da Saje ya dawo, a kunne ya raɗa masa: an rage malamai, har da ita.

Kusan tare suka iso, malamar da wakilin mai gida, wani mai tumbi riƙe da biro. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta rungume ƙanwarta.

"Ki yi haƙuri, Auta. Ki zauna, a hankali ma sayi wani."

"Malama, daga ina?" in ji Sufeto.

"Daga aji, Yallaɓai."

"Ajin da aka sallame ki?"

Telar ta saki yayarta a hankali.

"Buɗe mana ɗakinki."

Ɗaki ne tsaf-tsaf, har ya so ya yi yawa. Sufeto ya shaƙi iska, ya nufi akwatin littattafai da ke ƙarƙashin gado. Gindinsa ya jiƙe, maiƙo ya malalo kan leda. Saje ya jawo shi da ƙyar. Ga kan keke kwance a gefensa, ya tsiyaye mansa kaf cikin takardu.

"Wanda ya san keke ba ya kwantar da shi," in ji Sufeto. "Me ya sa?"

Malamar ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Gobe zan fito da shi. So nake yamma ta yi tana nan. In ta miƙa mabuɗi, wa zai sabunta da mai zaman banza? Titi zan koma."

"Yaya!" Muryar telar ta karye. "Sai ki ɗaure ni da hayarki ba ki gaya mini ba? Da bakinki ya furta, ai ɗakin bayan shagon ya ishe mu."

"Ni ce babba. Da wane ido zan roƙe ki?"

Sufeto ya ji tausayinta, amma ƙara ta riga ta shiga.

"Tashi, Malama. Sauran bayani a caji ofis."

Saje ya sa ta gaba. Wakilin mai gida ya gyara murya, ya buɗe tafin hannu. Telar ta daɗe tana kallon ƙofar da yayarta ta fita, sannan ta aje masa mabuɗin.

Sufeto ya tayar da mota ke nan ya hango ta a madubi tana saukowa a guje, riƙe da takalman yayarta.

"Yallaɓai, tsaya! Ba takalmi ta fito."