Furannin Yemma

Da ganye guda a cikin hankici Suhila ta shiga gidan renon tsirrai na bakin hanyar Tazult, ranar wata Asabar ta watan Yuli, garin Batna ya ɗau zafi. Saurayin da ke ban ruwa, Ayash, ya karɓi ganyen, ya juya bayansa, ya ga ƙwari sun yi cincirindo. Ya ce kada ta sayi komai, ta dama sabulu a ruwa ta fesa da yamma. Sai ya tambayi wanda ya shuka wannan furen daliya, don ko waye ya san hannunsa.

"Yemma ce, mahaifiyata," in ji ta. "Ta shuka a Afrilu, ta rasu a Mayu."

Ayash ya tsaya yana yi mata ta'aziyya, tiyo na kwarara ruwa cikin takalminsa bai ma sani ba. Ita kuwa ta gani, kuma tun a nan ya kwanta mata a rai.

Wai saboda ƙwari aka yi musayar lamba. Ƙwari dai cikin mako suka mutu, saƙo kuwa sai abin da ya yi gaba.

"Ya furanni, 'yar daliya?"

"Lafiya lau, likitan ƙwari. Mai ba su ruwa dai ba a tambayarta."

"Ita ai Allah nake roƙo ya ba ni."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Ammi Lakhdar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, wanda muddin matarsa na raye ko bokiti bai taɓa ɗauka don fure ba. Da ta tafi sai ya tare a lambun tsakar gida. Can yake shan kofi, can yake lazimi, kuma kaicon wanda ya tsinki ko ganye. Ga Fu'ad, ɗan ƙanwarsa daga Annaba ta bakin teku, duk Juma'a sai ya zo da kwalin alewar baƙlawa, yana son Suhila, kome tsohon ya faɗa sai ya ce gaskiya ne.

Ƙarshen Oktoba Ayash ya sami izinin zuwa gaisuwa. Suhila ta rubuta masa: "Don Allah, masoyi, ka yabi furannin ka ja bakinka."

Ya yaba kuwa, da gaskiyarsa, don ja da ruwan goro sun cika gidan har bakin katanga. Hira ta yi daɗi, Suhila na laɓe a bayan labulen kicin tana murmushi. Sai tsohon da kansa ya tambayi yadda zai yi su kai bazara a haka.

Ayash ya ajiye kofinsa. Ya ce ba za su kai ba. Da zarar jalid ya sauka, raɓar nan da ke daskarewa da asuba, ganyen zai yi baƙi. Daga nan sai a datse kara, a haƙo saiwar a adana a ɗaki.

"Abin da ta sa a ƙasa da hannunta za ka tone mini?" in ji Ammi Lakhdar. "Tashi, ɗana. Ƙofa tana inda ka bar ta."

Ayash ya fita ko kofinsa bai huce ba. Suhila ta yi kuka, ta kuma ji haushinsa ba kaɗan ba.

"Abu ɗaya tak na roƙe ka," ta rubuta.

"Ba zan iya yi wa mutumin da nake so in kira Baba ƙarya ba. In suka yi hunturu a ƙasa ruɓewa za su yi, ya zama ya rasa ta sau biyu. Ki yi haƙuri, hasken idona."

Ba ta amsa ba, har kwana goma sha biyu. Ita ma ba ta san gaskiyar zancen ba, don shekaru huɗun da Yemma ta yi tana shuka daliya, kowane Nuwamba a jami'a yake samunta.

Fu'ad kuwa, mutumin bakin teku da bai taɓa ganin ruwa ya daskare a bokiti ba, ya zo da naɗin leda ya lulluɓe lambun kaf, ya rantse ko fure ɗaya ba zai faɗi ba. Tsohon ya ji daɗi, har ya ce wa ƙanwarsa, uwar Fu'ad, ta saurari amsa mai kyau kan auren Suhila. Suhila ta ji, abinci ya daina shiga.

Tsakiyar Nuwamba aka wayi gari sama fes, ba iska, rufin gidaje ya yi fari. Da aka yaye ledar, wayyo, komai ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar dafaffen alayyahu. Ammi Lakhdar ya zauna a kan kujerarsa, hawaye na bin gemunsa.

Tausayinsa ya kama ta. Ta durƙusa gindin kara ɗaya ta kama tono da cokalin miya, yatsunta na zogi don sanyi. Can ta ɗago wani curi mai 'ya'ya kamar dankali, ta karkaɗe ta ɗora masa a cinya.

"Baba, taɓa ka ji. Da ransa."

Ya matsa da babban yatsa, ga shi da tauri. Ya daɗe yana kallo, sai dariya ta kuɓuce masa cikin kuka. Ya ce ya san wannan abu. Bara ya gan shi a ɗakin ajiya cikin akwatin yashi, har ya ce wa marigayiya dankalin nan ya tsufa a zubar, ta yi ta yi masa dariya ba ta ce komai ba.

Ya share fuska da hannun riga. "Kira yaron nan."

Ta rubuta wa Ayash: "Zo da abin haƙa. Baba ne ya ce ka zo."

"Ke fa, 'yar daliya?"

"Ni ai ban taɓa cewa ka tafi ba."

Wunin ranar tare suka yi shi. Ayash na haƙa a hankali don kada ya ji wa saiwa ciwo, tsohon na jerawa a yashi, Suhila na kawo shayi fiye da yadda ake buƙata. Fu'ad ya naɗe ledarsa, ya ce yana da sauri. Ayash ya nuna wa tsohon idanun da ke wuyan kowane curi, ya ce da bazara ɗaya zai rabu uku ko huɗu, kowanne ya fito da furen uwarsa sak.

La'asar ta yi, akwati uku sun cika. Ammi Lakhdar ya tura ɗaya gaban Ayash.

"Wannan na gidanka ne. Amma ban yarda da kai kai kaɗai ba, sai da mai ba su ruwa. Ka turo manyanka."

Suhila ta ruga kicin, ta manta da butar shayi a ƙasa.

Juma'a ta biyu aka karanta Fatihar aure a wannan tsakar gida, lambu ba ko fure, an ci shakhshukha, abincin bikin garin, an ƙoshi. Tsohon ya dafa kan 'yarsa ya ce Allah ya sa albarka, ya zaunar da su lafiya, ya ji ƙan wadda ta shuka. Kowa ya ce amin, muryar ango ta fi ta kowa.